Katin Gambo, Shekara Bakwai Bayan Iya

Bana shekara bakwai ke nan cif da rasuwar kakata, wadda ta haifi babanmu, wadda duk ƙauyenmu ke kira Iya. Ina da shekara tara ranar da aka kai ta makwancinta. Yanzu ina da sha shida, na kuma fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ko da yake wannan ba abin alfahari ba ne, don Iya in ta tsaya kusa da turmi sai an duba da kyau kafin a gane wanne ne turmin. Kada masu karatu su ce ba ni da ladabi. Jika ce ni, kuma da tana raye da ta rama har da riba.

Abin da ya sa take raina bana fiye da kowace shekara, ƙanwata ce Ummi. Shekararta shida, bayan rasuwar Iya aka haife ta, aka mayar mata da sunanta. Tana da amosanin jini, wanda a asibiti suke kira sikila. In ya tashi, hannuwanta su kumbura, idanunta su yi rawaya, ta riƙa kuka tana cewa ana sara mata ƙashi. Duk ranar da hakan ta faru, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakar gidanmu: a kai ta asibiti yau, ko a jira a ga gobe? A zamanin Iya ba a yin wannan tambayar a gidanmu, ba a ma yin ta a gidajen maƙwabta. Shi ya sa nake so in ba ku labarinta, kuma labarinta ba ya bayuwa sai da labarin katina na asibiti.

Ni dai a takarda babu cutar da ban yi ba. Na yi ƙyanda sau huɗu. Kunama ta harbe ni, jaki ma ya harbe ni. Na haɗiye kwabo, na cusa ƙwayar wake a hanci har ta fara tsiro. A wani watan nauyina ya kai na ɗan maraƙi, wata na zagayowa na koma kamar ɗan tsako. Akwai ma shafin da aka rubuta cewa kaciyata ta ƙi warkewa, ni kuwa ga ni mace. Duk likitan da ya karanta katin nan daga farko zuwa ƙarshe, ya kamata ya nemo ni ya gaishe ni da jimiri.

Ga yadda aka yi. Bayan tagwaye aka haife ni, don haka Gambo ake ce mini, kuma da wannan sunan Iya ta yankar mini kati tun ina tsumma. Gambo kuwa, kowa ya sani, na mace ne na namiji ne. A lokacin, zamanin da manya ke cewa kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati yawa, ba a karɓar ko sisi a kan yaro a asibitin gwamnatin da muke zuwa. Kwalba kawai za ki wanke ki tafi da ita, a cika miki ita da jan magani ko fari, a ba ki ƙwayoyi a ƙunshin takarda. In yaron ya rame har madarar gari ake haɗa ki da ita. Sharaɗi ɗaya ne, sai da kati. Katin ma kyauta ne, amma sai kin bi layi kin isa wata 'yar taga, malamin kati ya yi miki tambaya biyu: sunan yaro, sunan uba.

Wanda ya tsara tagar nan bai yi shawara da matan ƙauyenmu ba. Mace ta taso tun hantsi bai yi ba daga can bayan Gozaki, ta yi tafiyar ƙafa, ta hau akori-kura, ta bi layi rana na dukan ta, ta isa taga, sai a ce ta faɗi sunan ɗanta na fari da sunan mijinta, a gaban mutane. Ai gara a ce ta haɗiye taɓarya. Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi ƙasa. Malamin kati ba mugu ba ne, amma layi ya kai bakin titi, sai ya ce ta koma gefe ta tuno. Ita kuwa ba mantuwa ta yi ba. Tana nan a gefe har a rufe taga da azahar, ta juya gida da yaro yadda ta zo da shi, mai gidan ya ce ai dama ya faɗa mata asibiti ba wurin talaka ba ne. Wasu mazan kuma, musamman masu 'yan shanu, ba sa son sunansu ya shiga takardar hukuma ko ta wace ƙofa, don a ganinsu duk takarda ƙanwar ta jangali ce.

Iya ta ga haka sau ɗaya, sau biyu, sai ta samo mafita irin tata. Mai tsohon kati ba ya bin layin taga, kai tsaye yake wucewa wurin masu duba yara. To, ga kati a gida. Duk wadda ɗanta ya kwanta sai Iya ta ce a ɗauki na Gambo. In tana da sukuni ta goya yaron ta kai shi da kanta, in ba ta da shi ta miƙa katin ta ce in an tambaya a ce Gambo ne. Da haka na zama yaran ƙauye uku. Katin ya cika aka liƙa masa wani, wannan ya cika aka ƙara, har ya yi kauri kamar matashin kai. Daddawa Iya ke sayarwa, kuma a ƙwarya ɗaya take ajiye ta da katin, saboda haka tun kafin Gambo ya shigo ƙofar asibiti ma'aikata sun san yana tafe.

Innarmu ce ta gaya mini dalilin wannan zafin nama na Iya, bayan na yi wayo. Tagwayen da na biyo ban tarar da su ba. Ƙyanda ta shigo ƙauye wata shekara, ta kama su tare. Aka yi abin da aka saba, aka rufe su a ɗaki, aka hana su wanka, aka ce baƙon dauro ba ya son allura, a jira ya gama fitowa. Ana cikin jira aka binne su, kwana biyu tsakani. Inna ta ce Iya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma tun daga ranar ta ɗauki gaba da kalmar nan ta "a jira". In wani ya ce mata sannu ba ta hana zuwa, sai ta ce wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa goya yaro mai zazzaɓi ba.

Tallan daddawa ya ba ta ƙofar kowane gida, tsufa kuma ya ba ta lasisi. Ta yi sallama, ta ajiye ƙwarya, tana ciniki idonta na kan yara. Ta jawo wannan ta gwale masa ido, ta latsa wa wancan ciki. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, ba ta neman izinin kowa. Yadda shaho ke ɗaukar ɗan tsako haka take sungumar yaro. Mai gida ya dawo daga gonar auduga da la'asar ya tarar ɗansa ya je birni ya dawo, har an ɗura masa jan magani cokali biyu. In ya zo ƙofar gidanmu da faɗa, Iya ta leƙo ta tuna masa ita ta yanke masa cibi, ta kuma san ranar da ya daina fitsarin kwance, in yana so ta faɗa a gaban jama'a. Ban taɓa ganin wanda ya so ba.

Ni ma nakan samu katina wani lokaci, in ba ya wurin aiki. Waɗannan tafiye-tafiyen su ne abin da na fi kewa. Mu zauna a gindin darbejiyar asibiti, ta fito da magoginta ta goge goro don haƙoran sun daɗe da yin ritaya, ta saya mini gutsuren rake, ta ce in ci a hankali kada in ƙara wa katin shafi. Takan nuna mini ginin da sandarta ta ce, wannan gidan namu ne, audugar ubanki ce ta gina shi, kada ki taɓa shiga kina sunkuyar da kai. Ban fahimci maganar ba a lokacin. Raken ne a gabana.

Yanzu in na shiga ginin nan nakan tambayi kaina, da Iya za ta dawo yau, me za ta ce? Darbejiyar tana nan, tagar tana nan. Amma tun da rediyo ya fara zancen tsuke bakin aljihu, katin ya zama na saye. In kin samu ganin likita, takarda zai rubuta miki ki tsallaka titi wurin mai kemis. Kwalbar da za ki wanke ki zo da ita, yadda ta zo haka za ta koma. Ranar da aka ce za a ƙara wa yaro ruwa, ke za ki sayo ruwan, ke za ki sayo allurar, wani lokaci har audugar da za a goge wurin, a garin da manyan motoci ke kwasar auduga zuwa Funtuwa ba dare ba rana. Ma'aikatan ba su canza hali ba, na ga wadda ta ciro kuɗi daga jakarta ta cika wa wata uwa. Shagon maganinsu ne ya bushe. Ina jin da Iya ta ga haka, za ta fara zaton ɓatan hanya ta yi. In ta tabbatar nan ne, to, ina tausaya wa duk wanda ta fara cin karo da shi sanye da farar riga, ko da mai sayar da burodi ne.

Sai dai kada in mayar da ita waliyyiya, don dabarar katin nan ta kusa kai ni inda tagwaye suka tafi.

Ina da shekara bakwai ƙyanda ta sake ratsa ƙauyenmu. Iya ba ta damu da ni ba ko kaɗan, don ta san ta kai Gambo an yi masa allurar rigakafi, da idonta ta ga an rubuta. Abin da ta manta shi ne wane Gambon. Ashe shekarun baya, ranar da aka yi allurar, ɗan wata maƙwabciya ne a bayanta da katina a hannunta. Da nawa lokacin ya zo aka kai ni, mai allura ta duba ta ga an riga an yi, ta sallame mu. Iya ba ta karatun boko, yara kuma sun yi mata yawa a ka. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido.

Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Na tuna idanuna sun liƙe, ƙirjina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na tuna bayan Iya, da warin daddawa, da yadda ƙafafuna ke jan ƙasa don na kusa kai ta tsawo, amma ta ƙi bari kowa ya karɓe ni. Shugabar masu jinya a ɓangaren yara wata ce da ake kira Sista Bose, 'yar Yarabawa masu sayar da atamfa, a Funtuwa aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta daɗe da gane wasan da ake yi. Wa zai ga Gambo ya zo yau da tsagen Fulani, jibi ya dawo babu, bai gane ba? Ta kawar da kai ne don ta ga yara na samun magani. Ranar ta karɓi katin, ta buɗe shafin allura, ta dube ni, ta dubi Iya.

"Iya, wannan wace Gambon ce?"

Iya ta ce, "Ta ainihin ce."

Nan take aka ɗaura mini ruwa. Kwana goma sha ɗaya na yi a gadon nan. Iya ba ta koma gida ba, daddawar da ta bari a rufe ta lalace, ƙauye ya yi mako biyu yana shan miya salam. Ranar sallama Sista Bose ta zaunar da ita ta yi mata faɗa, ta kuma yi wa kanta, ta ce laifin nasu ne su biyu. Ta bayyana mata cewa katin ba takardar shiga ƙofa ba ce kawai, shi ne ke riƙe wa yaro tarihinsa, in an haɗa yara goma a kati ɗaya to an yi wa tara ƙarya, na goman ma ba a faɗi gaskiyarsa ba. Wannan ce rana ɗaya tak a tarihin duniya da aka yi wa Iya faɗa ta yi shiru. Da ta buɗe baki, tambaya ta yi: to su waɗanda ba sa iya faɗin suna fa, a bar 'ya'yansu su mutu don kunya? Sista ta ce ai ba dole uwa ce za ta faɗa ba, kowa ya faɗa an rubuta.

Kun ji fa. Shekara shida ana wahalar da katina, ashe maganin abin bai wuce a ari baki ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tun daga nan Iya ta sauya sana'a. Duk ranar awon yara sai ta tattara mata ta sa su gaba kamar mai kora tumaki kasuwar Kafur, ta je ta tsaya a gefen taga a kan wani bulo, don in ba da shi ba malamin kati ba ya ganin komai sai ƙullin ɗankwalinta. Mace ta iso, Iya ta rangaɗa sunan yaro da na ubansa da murya har bakin titi, wani lokaci ta ƙara da laƙabin da uban ba ya so. In baƙuwa ce da ba ta sani ba, sai ta tambayi ta bayanta, ko ta yi ta jero sunaye har matar ta sunkuyar da kai, ta ce yauwa, shi ne, rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji ta. Cikin shekara biyu babu yaron da ba shi da katinsa a unguwarmu, ni kuma na samu lafiya a takarda karon farko a rayuwata.

A lokacin kaka Iya ta rasu, an gama yankan dawa. Ciwon kwana biyar ne. Abin da har yau nake jin haushinta a kai, matar da ta kai rabin ƙauye asibiti, da aka zo kanta ƙi ta yi. Baba ya nemo mota, ta ce a mayar, gadon asibiti na masu sauran tafiya ne, kada ta tare wa wani yaro wuri. Ba ta taɓa yankar kati da sunanta ba.

Da daminar nan ina gida hutu ciwon Ummi ya tashi, bayan wani ruwa da aka wuni ana yi. Baba ya duba ta ya ce a shafa mata man zafi, a ba ta jiƙo, a ga gobe. Ina roƙon masu karatu kada su yi masa mummunar fahimta. Mutum ne da in Ummi ta yi tari a ɗaki yakan ajiye lomar da ya ɗauko. Amma lokacin ne rumbu ya kai ƙasa, abin da ya rage ya tafi wurin taki, auduga ko fure ba ta yi ba, sauran 'yan awakin kuma tashin ciwon na bara ya cinye su. Wanda ya san abin da taga za ta tambaye shi, ya kuma san abin da ke aljihunsa, shi ne ke cewa a ga gobe. Gobe ta yi, ya daɗe tsaye a kanta, ya ce wataƙila zuwa yamma ya sauka, ya saɓi fartanya ya fita.

Inna ba ta fita sai da izininsa, haka ta taso, haka aka aurar da ita. Tana zaune ta riƙe hannun Ummi, Ummi ta daina kuka sai nishi, wanda ya fi kukan ban tsoro. Na ce zan kai ta. Inna ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Ta tashi ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaure zanen da kanta, ta ƙara ɗaurewa da gyale.

Kuɗin motar komawata makaranta ya kai mu, ya kuma yanki kati. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ban san ta ba, Sista Bose ta daɗe da barin wurin. Ta gwale idon Ummi ta ga fari fat, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun jiya da safe. Ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi, irin kallon wadda ta gaji da jin amsar nan. Aka rubuta mini takarda mai tsawon zanen ɗaurawa. Na fito da ita a hannu na tsaya a gindin darbejiyar nan, ni da bakina da malamai ke cewa ba ya mutuwa, na rasa abin cewa da wanda zan ce wa. A nan na fi jin rashin Iya fiye da ranar da aka binne ta. A nan kuma na gane cewa ko ita ce ta zo, ƙarfin hali da murya ba za su sayi ledar ruwa ɗaya ba.

Wajen azahar sai ga Baba a kan keke, taɓo har gwiwa. Na gyara tsayuwa ina jiran mari. Ya karɓi takardar, ya tsallaka titi. Daga baya na ji cewa da ya dawo gida ya tarar ba ma nan, buhunan takin da bai riga ya zuba wa masara ba ya ɗora a keke ya je ya sayar wa wani mai hali. Aka ƙara wa Ummi ruwa, aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. Kwana shida muka dawo da ita tana tafiya da ƙafarta, tana neman rigima da kaji. Masararmu kuwa duk wanda ya bi ta gefen gonar ya san an yi jinya a gidan.

Ni yarinya ce, aji huɗu nake, kuma an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma akwai abin da na hango daga ƙasa. Ciwon yara da damina ya fi tashi, lokacin da manomi ba shi da komai. Abin hannun manomi da kaka yake zuwa, lokacin da yara suka fi lafiya. Hukuma ta san hanyar ƙauyenmu sarai in an buɗe kasuwar auduga. Me zai hana a zo a lokacin, a karɓi wani abu daidai ƙarfin kowane gida, ko da hatsi ne, a ba kowane yaro katin shekara, wanda in ya nuna shi da damina ba za a tura uwarsa tsallaken titi ba? Gidan da ba su kwanta ba su ɗauki nauyin gidan da suka kwanta, baɗi a juya. Wanda ba shi da ko mudu, da yaro irin Ummi da ciwonsa ba ya ƙarewa, gwamnati ta cika musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matan ƙauyenmu sun san haka tun kafin a haifi gwamnati, da shi suke adashen biki. In akwai inda na yi kuskure, masu ilimi su gyara, amma don Allah kada gyaran ya zama a jira.

Me ya rage na Iya bayan shekara bakwai? Ɗakinta an mayar da shi wurin ajiyar buhuna. Daddawar da ake sayarwa yanzu, da ita da babu duk ɗaya. Kyautar maganin da ta dogara da ita ta tafi, kuma ba da ita aka yi shawara ba. Yaran da ta goya suna nan, wasu har sun fara gemu, yawancinsu ba su san sun taɓa zama ni ba. Na ɗauka iyakar abin ke nan, sai ranar da zan koma makaranta.

Na ɗaure akwatina, Baba na zaune a bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, Inna na tankaɗe. Ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, in ciwon ya tashi Gambo tana makaranta shi yana gona, wa zai kai ta. Can ya ajiye fartanyar ya juya wajen Inna.

"In ya tashi, kada ki aiko a neme ni. Ki ɗauke ta ki tafi, na yafe miki fitar tun yau."

Inna ta ce, "Da me zan je, Malam?"

Ya ce, "Ki je dai. Zan same ku a can da abin da na samu."

Bai san abin da zai sayar ba a karo na gaba, mu ma ba mu sani ba, kuma wannan tambayar tana nan tana jiran waɗanda suka fi mu iko. Amma a gidanmu an daina cewa a ga gobe. Shekara bakwai tana ƙasa, tsohuwar nan ta sake cin gardama.

Allah ya kai haske inda take kwance, ya sa yaran da ta goya su zama masu yi mata shaida. In kuma akwai layi a ƙofar Aljanna, ina roƙon a bar ta ta wuce da wuri, don na san halinta, ba za ta iya tsayawa shiru ba.